Kwana uku kacal a Bankok, ni da maigida mun kasa daidaitawa

Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce a Kano, maigidana sana'ar kayan sawa yake yi, zai je Bankok, babban birnin Tailan, karo na farko ya ga kasuwa da idonsa, ya ce zai tafi da ni tunda tun aurenmu bamu taɓa fita ko'ina tare ba. In aka cire ranar sauka da ranar tashi kwana uku ne muke da su cikakku. Na rubuta wurare goma sha ɗaya da na gani a TikTok, har da kasuwar kan ruwa da Pattaya da wurin giwaye, shi kuma ya ce kasuwa ce ta kai shi, kuma shi ba zai shiga ɗakin gumaka ba. Ga surukata tana ta cewa mutanen can komai da alade suke dafawa. Yau kwana biyu kenan sama-sama muke magana. Dan Allah ya zanyi?

Wa alaikumus salam ƙanwata. Da farko dai ki gode wa Allah ki gode wa mijinki, don maza nawa ne zasu tafi saro kaya ƙasar waje su ce wa matarsu taho mu je, wallahi kaɗan ne, kar ki bari takardar wurare goma sha ɗaya ta ɓata miki abin alherin da aka yi miki niyya. Ni na je garin nan fiye da sau ɗaya kuma zan gaya miki gaskiya tsakani da Allah, lissafinki ba zai shiga kwana uku ba, ko da kuwa shi maigidan ya ajiye kasuwar gaba ɗaya ya bi ki. Pattaya, garin shaƙatawa na bakin teku, kusan kilomita 150 ce daga Bankok, zuwa da dawowa kaɗai ya cinye miki wuni. Kasuwar kan ruwan da kike gani a bidiyo, Damnoen Saduak, tana wajen kilomita 100 daga gari, sai kun tashi da asuba kuma in kun isa rabin abinda zaki gani baƙi ne irinki kowa ya ɗaga waya, kwale-kwale na gugar kwale-kwale. Wurin giwaye ma fita ne daga gari. Toh kinga waɗannan ukun kaɗai sun cinye kwana ukun, baki ga Bankok ɗin kanta ba, shi kuma bai taka kasuwa ba. Ba a tauna taura biyu a baki ɗaya. Ki soke su ukun, ki ajiye su sai wani zuwan in Allah ya nufa.

Abinda nake so ki riƙe shi ne kowace rana unguwa ɗaya. Bankok gari ne mai gosulo na fitar hankali, tafiyar da a taswira take kamar daga Kwari zuwa Sabon Gari zata iya cin awa guda a mota da yamma, ga zafi, kuma zafinsu ba irin namu bane mai bushewa, nasu mai ɗanshi ne, kina fitowa daga otal minti goma gumi ya jiƙa miki hijabi har baya. Sannan ga banbancin lokaci, suna gabanmu da awa 6, wato ƙarfe 8 na safe a can ƙarfe 2 na dare ne a jikinki, bayan kin sha zaman jirgi daga Kano zuwa Addis Ababa, ki jira, ki sake hawa kusan awa 9 zuwa Bankok. Duk wanda ya ce miki washegari zaki tashi garau ki zaga wurare huɗu bai taɓa yin tafiyar ba.

Amma kafin ma a zo zancen yawo, takardu, don nan ne mutanenmu suka fi shan wahala. Mai fasfon Najeriya dole ya samu biza tun daga gida, ba a ba mu a filin jirgi, kuma ofishin jakadancin Tailan da ke Abuja yana neman takardar wankewa daga hukumar NDLEA, ita kuma tana ɗaukar lokaci, saboda haka kar ku yanki tikitin da ba a canza masa rana kafin biza ta fito. Sai katin rigakafin cutar shawara, yalo kad ɗin nan, ki sa shi cikin fasfo kar ya rabu da shi, don in kun sauka a filin jirgin Suvarnabhumi akwai teburin jami'an lafiya da zaku fara zuwa su duba katin kafin ku shiga layin shige da fice, na sha ganin 'yan uwanmu sun bi dogon layi har sun kai gaba an maido su baya saboda basu biya ta teburin nan ba. Daga watan Mayun 2025 kuma sun kawo katin shiga na intanet da suke kira TDAC, ana cikewa cikin kwana uku kafin sauka, kyauta ne, duk shafin da ya nemi kuɗi a kansa ba na gwamnati bane. Ku buga takardar otal da tikitin dawowa a takarda ku riƙe a hannu, ku kuma riƙe kuɗi a jikinku don jami'i zai iya cewa ku nuna abinda zaku kashe. Ku amsa tambaya a natse, mai koren fasfo ana ɗan tsananta masa bincike, kar ki sa abin a ranki.

Ga wata magana da nake roƙonki da girman Allah ki ji, kar ku karɓi saƙon kowa. Ko na maƙociya, ko na ɗan kasuwa abokin maigida, ko na wani a filin jirgi da zai ce taimaka min da wannan ledar kayana sun yi nauyi. Dokar ƙwaya a Tailan mai tsanani ce sosai, kuma ba ruwansu da "wallahi ban san abinda ke ciki ba". Magunguna ma irin su tramadol kar ku ɗauka in ba da takardar likita ba, masu kodin kuma takardar likita kaɗai bata wadatar ba, sai da izinin hukumar magunguna ta Tailan. In maigida yana da abokin da ke busa sigarin lantarki ɗin nan ya ce a sayo masa ko a kai masa, haramun ne a dokarsu.

Masauki kuma ku kama a Pratunam, ko kusa da tashar jirgin ƙasa ta Ratchathewi. Dalili, nan ne cibiyar kasuwar kayan sawa, maigida zai taka da ƙafa, ke kuma jirgin ƙasa na kusa. Daga filin jirgi akwai jirgin ƙasa da zai sauke ku a tashar Ratchaprarop kusa da Pratunam cikin wajen rabin awa, amma in akwatunanku manya ne ku ɗauki tasi a layin hukuma da ke ƙasa, mita ake kunnawa, tana farawa daga bat 35, sai ƙarin bat 50 na filin jirgi da kuɗin babbar hanya. Bat shi ne kuɗinsu, dala ɗaya tana ba da bat talatin da wani abu. Naira ba mai karɓa a can, ku yi canji tun a Wapa ku riƙe dala 'yan ɗari-ɗari sabbi marasa yagewa ko rubutu, don sun fi daraja a wurin 'yan canjinsu, kuma kar ku canza da yawa a filin jirgi, shagunan SuperRich da ke wajen Pratunam sun fi bayar da farashi mai kyau, sai dai a je da fasfo. Wasu zasu ce muku ku sauka a unguwar Nana saboda abincin Larabawa, eh akwai shi a layi na 3 har ana kiran wurin layin Larabawa, ku je ku ci shinkafa da gasasshen rago ku dawo, amma ni ban ba ki shawarar kwana a can ba, da daddare unguwar tana cika da mashaya da abubuwan da ba zaki so idonki ko na mijinki ya gani ba.

Yanzu rabon kwanakin. Rana ta farko ki ba shi kasuwarsa, dukkanta, kuma ki bi shi. Na san ba haka kike so ki ji ba amma saurara. Mutumin da ya ɗauko jarinsa ya tsallaka duniya hankalinsa ba zai kwanta ba sai ya ga kaya ya ji farashi ya yi magana da masu kago, in kika ja shi bakin kogi ranar farko jikinsa ne kawai zai bi ki, zai yi ta duba agogo, ke kuma ki ji haushi, ku dawo otal da faɗa. In kuwa ya gama da kasuwa, kayan sun tafi wurin masu ɗauri, washegari da sakakkiyar zuciya zai fita da ke. Kuma ita kasuwar ai abin kallo ce. Pratunam lunguna ne matsattsu cike da riguna tun daga ƙasa har rufi, masu turo kaya a amalanke suna ta neman hanya, farashin sari yana farawa ne in kin ɗauki uku ko fiye na abu ɗaya, ciniki kuma da kalkuleta ake yi, mai shago ta danna lamba ta miƙo miki ki goge ki danna taki. Ki yi ciniki da murmushi, su ba sa son ɗaga murya, in kika yi musu irin zafin cinikin Kwari sai kawai ta kau da kai ta daina kula ki. In zafi ya yi yawa ku tsallaka titi ku shiga Platinum, shi gini ne mai sanyin AC hawa-hawa, akwai wurin salla akwai wurin cin abinci a sama. Akwai kuma kasuwar Bobae ita ma ta sari ce, ta fi ci da sassafe. Ke macece, idonki ya fi nasa sanin abinda matan Kano zasu saya, ki taya shi zaɓe da gaske, wannan kaɗai zai sa ya ji zuwa da ke riba ne. Da magariba ku hau saman Baiyoke, dogon benen nan da ke tsakiyar Pratunam, a hawa na 84 akwai dandamali mai juyawa a hankali, garin gaba ɗaya zaki gan shi a ƙasanki da fitilu, kin ga ko a ranar kasuwa kin samu hoton da zaki tura gida.

Rana ta biyu taki ce, ranar kogi. Wannan in kika same ta kin ga Bankok. Ku fita da wuri, ku hau jirgin ƙasa na sama da suke kira BTS, ku canza a tashar Siam ku sauka a Saphan Taksin, kuna saukowa ga mashigar jirgin ruwa nan a ƙasan gada. Ku nemi jirgi mai tutar ruwan lemo, shi ne na 'yan gari, kuɗinsa bai kai bat 20 ba, masu riƙe da allo zasu tare ku da tayin kwale-kwale na shata da kuɗi mai yawa, ku wuce su kawai. Kogin sunansa Chao Phraya, ruwan jaja-ja ne kamar na Kogin Kwara da damina, ganye na yawo a kai, manyan jiragen dakon kaya ana jansu a hankali, ɗalibai da ma'aikata da limaman addininsu masu lulluɓin ruwan goro duk a jirgi ɗaya, yaron jirgi yana busa usur in za a tsaya. Ki zauna gefe ki bar iska ta buge ki. Ni a duk garin ba abinda na fi so kamar wannan rabin awar, kuma kusan kyauta ce.

Ku sauka a mashigar Tha Chang, nan ne babbar fadar sarakunansu, wadda aka fara ginawa a 1782 lokacin da Sarki Rama na ɗaya ya mayar da Bankok babban birni. Kuɗin shiga bat 500 ne ga baƙo, ana buɗewa 8:30 na safe, ana daina sayar da tikiti da yamma wajen 3:30, ku isa kafin tara in ba haka ba rana da cunkoson baƙi zasu hana ku sakewa. Suna da tsanani kan sutura, ba a shiga da gajeren wando ko riga mara hannu, ke da hijabinki ba ki da matsala, shi ma kaftani da wando ya wadatar. Ki sa yadi mara nauyi dai, da takalmi mai sauƙin cirewa.

A nan ne zan ja miki kunne kan wata damfara da ta daɗe ana yi a bakin fadar nan. Wani mutum mai tsabta, da Turanci mai kyau, zai tare ku tun kafin ku kai ƙofa ya ce ai yau fada a rufe take ana addu'a, sai da rana za a buɗe, amma ga ɗan adaidaita nan zai zaga da ku wasu wurare da bat 20 kacal. Ƙarya ne. Shagon duwatsu masu ƙyalli ko shagon tela zai kai ku a matsa muku ku saya da tsada, shi ya karɓi kamashonsa. Ni ma an tare ni da wannan maganar zuwana na farko, na yi sa'a akwai wadda ta riga ta gargaɗe ni, na taka zuwa ƙofa na tarar mutane na ta shiga. Ku je ƙofa da kanku ku gani. Haka tasi, in direba ya ƙi kunna mita ku sauka ku tari wani, ko ku kira mota ta manhajar Grab ko Bolt farashi ya fito tun kafin ku shiga. Adaidaitarsu da suke kira tuk-tuk ku hau sau ɗaya don marmari, a yi ciniki kafin a hau. In wani abu ya faru lambar 'yan sandan baƙi 1155 ce.

Sai zancen gumaka, wanda na ga shi ne ainihin abinda ya haɗa ku. Ni ba malama bace ba zan ba ki fatawa ba, ku tambayi malamin da kuka yarda da shi tun kafin ku tashi. Amma zan gaya miki yadda wuraren suke don ku san abinda kuke yanke hukunci a kai. A cikin harabar fadar akwai ɗakin ibadarsu mafi girma, Wat Phra Kaew, inda ƙaramin gunkin Buda na koren dutse yake, kuma hanyar baƙi ta harabarsa take bi kafin a kai gine-ginen fadar, sai dai ba dole bane ki cire takalmi ki shiga cikin ɗakin. Kusa da nan akwai Wat Pho mai gunki a kwance, tsawonsa mita 46, da tasoshi 108 da mutane ke jefa sulalla don neman tabarraki irin nasu. A tsallaken kogi kuma Wat Arun, doguwar hasumiyar nan da kike gani a hotuna, an yi mata ado da fasassun tangaran na Sin. In mijinki zuciyarsa bata kwanta da shiga ba, dan Allah kar ki matsa masa, kuma kar ki ce masa ai wance da mijinta sun shiga. Abu ne na addini, kuma yana da hujjarsa. Ba ki yi asarar komai ba, domin Wat Arun ta fi kyau daga nesa, ku zauna a bakin kogi ta ɓangaren Tha Tien dab da faɗuwar rana ki ga yadda take komawa kamar zinariya in an kunna fitilu, katangar fada da rufinta masu ƙyalli kuma daga jirgin ruwa ma ana ganinsu. In kuma malam ya ce ba laifi a shiga don kallon gini kuma shi ya yarda, toh ku shiga a matsayin baƙi, ba rusunawa, ba kunna turare, ba jefa kuɗi a tasa, kuma ba raini ko dariya ga masu ibadarsu, kar ki miƙe ƙafa tana kallon gunki ko mutum, kar ki taɓa limaminsu ko ki miƙa masa abu hannu da hannu, mace ba ta yin haka a al'adarsu.

Ga abinda nake ganin zai faranta wa maigida rai, Bankok tana da Musulmi 'yan asalin gari da masallatai tsofaffi. A tsallaken kogi ba nisa da Wat Arun akwai masallacin Tonson, wanda tarihinsa ya koma tun zamanin da Ayutthaya ce babban birni, kafin ma a kafa fadar da kuka gani. Akwai masallacin Bang Luang da aka gina da fasalin ginin Tailan, fari da koren rufi, in ba a gaya miki ba ba zaki ce masallaci bane. A hanyar dawowa kuma akwai masallacin Haroon a unguwar Bang Rak, cikin wani ɗan lungu kusa da kogi, in ranar Juma'a ce bayan an sauko masu abinci suna baje kaya a lungun. Ki sa waɗannan a cikin takardarki ki nuna masa, ki ce ga inda nake so mu yi azahar, zaki ga yadda fuskarsa zata canza. Kuma ki lura, mu nan mun saba gabas ita ce alƙibla har muna cewa fuskantar gabas, toh a Bankok alƙibla yamma take, ta ɗan karkata arewa, kar ki shimfiɗa darduma ki kalli mafitar rana. Ki sa manhajar alƙibla a waya. Zancen ƙasaru ma ku tambaya, a Malikiyya wanda bai yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku ba yana ƙasaru, naku yana kan gaɓa, malam zai ƙirga muku.

Maganar Hajiya surukarki kuwa, kar ki ce mata ba gaskiya bane, don tana da gaskiya rabi. Suna cin alade sosai, kuma matsalar ba naman da kike gani bane kaɗai, romon da aka dafa taliya da shi da man da aka soya shinkafa duk zai iya zama na alade ko da kaza kika ce a sa miki. Saboda haka cewa "ban da alade" a shagon da ba na Musulmi ba bai wadatar ba. Amma abincin halal yana nan birjik in kin san inda zaki duba. Ki nemi mai abinci da hijabi ko hula, ko alamar wata da tauraro a jikin teburin, a kayan shago kuma akwai tambarin halal na majalisar Musulunci ta ƙasar, ɗan kore mai kusurwa huɗu kamar daimon da rubutun Larabci a ciki, ko a ƙananan kantunan 7-Eleven zaki gan shi a jikin biskit da madara da abincin da ake ɗumamawa. Layi na 7 a titin Phetchaburi, inda masallacin Darul Aman yake, tafiyar ƙafa ce daga Pratunam kuma kusan duk masu abincin wurin Musulmi ne. Ki nemi khao mok kai, shinkafa ce rawaya da kaza kamar dafa-duka mai kayan ƙamshi, bakin Bahaushe yana karɓarta nan take. Ki ɗanɗana roti, wani siririn burodi da ake soyawa, da miyar tom yum ta jatan lande in kina iya yaji da tsami, sannan shinkafa mai danƙo da mangwaro da madarar kwakwa, wannan kam sai kin nemi ƙari. Kalmar alade a yarensu "mu" ce, in kika ce "mai kin mu" kin ce ba na cin alade. Unguwar 'yan Sin, Yaowarat, tana da kyan kallo da dare amma ku ci abincinku kafin ku je. Ki ɗan riƙo garin kunu, yaji da ɗan abin taɓawa saboda dare, a rufe da kyau, nama kuwa irin kilishi da dambu ku bar shi a gida don ana iya ƙwacewa a filin jirgi. Kullum ki ɗauki hoton abincin da tambarin halal ki tura wa Hajiya, hankalinta zai kwanta kuma zata ji kin ɗauki maganarta da muhimmanci.

Rana ta uku kar ki cika ta. In ta faɗo Asabar ko Lahadi ku je Chatuchak da safe, kasuwa ce mai rumfuna dubbai, nan zaki gama tsarabarki, jaka, sabulu, man shafawa, kayan ado na gida, ku sauka a tashar Mo Chit, kuma duk abinda kika gani kina so ki saya a take don ba zaki sake gane rumfar ba. In ranar aiki ce ku je gidan Jim Thompson, Ba'amurken da ya farfaɗo da kasuwar alharinin Tailan ya kuma ɓace a Malesiya a 1967 ba a sake ganinsa ba, gidan katako ne na gargajiya cikin lambu mai inuwa, kuma a tsallaken magudanar ruwan akwai unguwar Ban Khrua ta Musulmi masaƙa waɗanda su ne suka riƙa saƙa masa alharinin, mai sana'ar tufafi zai ji daɗin wannan. Daga nan babban kantin MBK kusa ne, akwai gidan abincin halal da wurin salla. Ragowar yammar ki bar ta a sake, don kusan dole maigida zai so komawa wurin masu kago ko wani shago da ya gani ranar farko, in kin riga kin bar masa gurbin ba za a yi rigima ba.

'Yan ƙananan abubuwa da sauri. Kar wanda ya yi maganar sarkinsu ko iyalansa ko da wasa ko a waya, dokarsu tana ɗaure mutum shekara 3 zuwa 15 a kan haka, kuma in kuɗi ya faɗi kar ki taka shi da ƙafa don hoton sarki ne a jiki. Ƙarfe 8 na safe da 6 na yamma ana sa taken ƙasa a tashoshi da wuraren shaƙatawa, in kin ga kowa ya tsaya cak ke ma ki tsaya. A hagu suke tuƙi, ki duba dama tukuna kafin ki tsallaka titi. Soket ɗinsu galibi ba ya karɓar filoginmu mai baki uku, ki sayi adafta. Ruwan famfo ba na sha bane, na gora yana da arha. Banɗakunansu galibi akwai ɗan tiyon tsarki, ba sai kin yi ta yawo da buta ba. In kuna da zaɓin lokaci daga Nuwamba zuwa Fabrairu ya fi sauƙin zafi, Afrilu shi ne mafi zafi kuma daga 13 zuwa 15 ga wata suna bikin Songkran, ana watsa wa kowa ruwa a titi ba ruwansu da hijabinki, shaguna da yawa ma suna rufewa, ga ɗan kasuwa wannan makon asara ne.

Yau da daddare in ya ci abinci ya huta, ki ɗauko takardar nan taki a gabansa ki soke Pattaya da kasuwar kan ruwa da giwaye da hannunki, ki ce masa ranar farko taka ce zan bi ka kasuwa in taya ka zaɓe, ranar biyu ina roƙon ka kai ni kogi mu yi salla a tsohon masallacinsu, zancen shiga fada kuma duk abinda malam ya ce kuma ka yarda da shi na bi. Sannan ku zauna tare ku fara haɗa takardun NDLEA, don su ne zasu fi cin lokaci. Allah ya kai ku lafiya ya dawo da ku lafiya, ya sa albarka a kasuwar, ki gaishe min da Hajiya.